Ranar da na kai Yaya silima

Yayana ya dawo daga yaƙin basasa da igiya biyu a hannun riga, kunnensa na hagu kuma ba ya ji. Da aka sallame shi sai ya samu tuƙin bas daga tashar Kawo zuwa cikin gari, muka zauna ɗaki guda a unguwar Abakpa. Ni lokacin ƙaramin akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Shekara uku muna kwana muna tashi tare, bai taɓa ba ni labarin yaƙi ba. In na tambaya sai ya kunna rediyo.

Ana nan aka kawo wani fim na Turawa wanda 'yan ofishinmu suka dame ni da zancensa. Wai wani soja ne ya koma garinsu, barci ya gagare shi, aiki ya gagara, har ya faɗa cikin 'yan fashi. Na ce a raina wannan ne zai buɗe bakin Yaya. Kwana huɗu ina lallashinsa kafin ya yarda, shi ma da sharaɗin sai ya wanke motarsa tukuna. Muka isa silimar bayan magariba, an riga an fara.

Tun wajen zama na yi kuskure, na zauna a hagunsa. Ya ce in riƙa fassara masa Turancin, ina yi yana cewa "Me ka ce?" Dole muka sauya wuri, muna taka ƙafafun mutane. Kuma Yaya bai san ƙarfin muryarsa ba.

"Wannan bai taɓa riƙe bindiga ba," in ji shi. "Dubi inda ya sa yatsa."

"Yaya, a hankali."

"Harbi tara ke nan. Wannan 'yar bindigar shida take ci."

Aka fara tsaki daga baya. Da aka zo inda sojan ya farka daga mafarki yana kururuwa, wuri ya yi tsit. Na saci kallon Yaya. Gyaɗa yake ɓarewa.

"Gashinsa ko motsi bai yi ba," ya ce.

Abin da ya ƙarasa mu shi ne wajen fashin. Sojan ne direban ɓarayin, 'yan sanda na bin su, yana ta jan giya. Nan Yaya ya kasa haƙuri, wai an kashe kulocin motar mutane. Wani daga bayanmu ya ce, "Malam, in ka fi shi iyawa ka shiga ciki mana." Yaya ya miƙe ya juya don ya yi masa bayani, inuwar kansa ta rufe rabin allon. Aka ɗau fito, ɓawon lemo ya sauka a wuyan farar rigata ta ofis. Mai tsaron ƙofa ya zo da tocila ya raka mu waje.

Muka kama hanyar gida a ƙasa. Sai da muka kusa unguwa ya yi gyaran murya.

"Abu ɗaya dai sun yi daidai. Inda sojan ya shiga gida, uwarsa ta ajiye masa abinci, kowa ya zuba masa ido an rasa abin tambaya. Wannan kam haka yake."

Na rage sauri, ina jira ya ci gaba. Shekara uku ke nan ina jiran wannan.

"Amma ɗaurin takalminsa," in ji shi, "da sajenmu ya gani, da ya kwana a gadurum."

Asabar ta gaba na koma ni kaɗai, na tarar an cire fim ɗin an sa na Indiya. Na tambayi mutum uku a ofis yadda ya ƙare. Ɗaya ya ce an harbe sojan, ɗaya ya ce kurkuku aka kai shi, na ukun kuwa ya ce bai gani ba, domin ranar da ya je wani ƙaton mutum ne ya tare allo.