Shekarar da Na Koma Korar Jan-baki

Shinkafa idan ta fidda kai ta fara ɗaukar nono, ba ta da abokin gaba kamar jan-baki. Ɗan tsuntsu ne ƙarami, amma garke yake zuwa, ya rufe sama kamar hadari. In ya tarar da gona babu kowa, kafin ka je gida ka dawo ya tsotse ta. Tun tasowarmu korarsa aikin yara ne. Magidanci ba ya zama a rumfa yana kaɗa gwangwani, dariya ma za a yi masa.

Haka na yi da ɗana lokacin da muke ƙauyenmu, can wajen Gidan Goga. Yana firamaren gwamnati, amma duk sanda hatsi ya kai lokacin tsuntsu sai in ce ya rataye jaka ya bi ni. In ya koma bayan girbi ya zauna inda ya samu wuri. Yara sun cika aji har bakin taga, malamai kuma kaɗan ne, don haka ba wanda ya san ya tafi balle ya san ya dawo. Ni ma ban ga laifin hakan ba, don aji uku na tsaya, sai ɗan karatun allo. Ya gama makarantar bai iya haɗa baƙi ba. Yau kabu-kabu yake yi.

Da ɓarayin daji suka hana mu noma, muka kwashe muka dawo Talata Mafara. Wani ɗan'uwan matata ya ba ni aron 'yar gona a filin noman rani, ta hanyar Bakura. Wannan shinkafar ita ce abincinmu na shekara. Ɗana kuwa, muna samun wurin zama, sai ya ɗauki babban yaronsa ya kai shi wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Gida ne aka mai da ɗakunansa azuzuwa, boko da safe, Alƙur'ani da yamma. Na ce masa ban taɓa jin ilimin da ake aunawa a sayar kamar manja ya yi albarka ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a bar ni in gwada."

Da shinkafa ta kai, ban nemi shawarar kowa ba. Na ta da jikan da safe na ce ya cire rigar makaranta. Ubansa yana tsakar gida yana goge babur. Ya dube ni, ya dubi yaron, ya ci gaba da gugarsa. A gidanmu ɗa ba ya mai da wa uba magana. Sai dai tun daga ranar ya daina zama cin tuwo da ni, kullum wai ya ci a hanya.

Jikan bai damu ba. Ya iya majajjawa, kuma yana da murya. Har tsokanata yake yi.

"Kai tsoho, in na tsare maka gonarga, kakata za ka bar min."

"Ka ɗauke ta yau ma, ja'iri. In ga da mi za ka ciyar da ita."

Ba a yi mako ba, wata rana da hantsi, na hango mutum yana tafe bisa kunyar gona, riƙe da takalmansa, ya naɗe wando. Saurayi ne siriri, ban san shi ba. Jikan yana ganinsa ya ɓuya bayan rumfa. Saurayin ya yi sallama ya durƙusa, muka gaisa, ya tambayi gajiya da iyali da ruwa da aiki, kafin ya ce shi ne malamin ajin yaron.

"Baba, mun ɗauka ba shi da lahiya ne. Na je gida, Inna ta ce kuna nan."

"Lahiya lau yake. Ga shi can yana ɓoyon ka."

Ya yi dariya. "Na gane shi, ƙahwahunai sun tona mishi asiri."

Na yi ta jiran wa'azi, har na shirya amsa. Bai yi ba. Ya zauna a inuwa, garke ya taso, ya kama igiyar gwangwanayen ya ja da ƙarfi har ɗaya ya tsinke. Ya ce shi ma ɗan Damri ne, ya yi wannan aikin har ya gaji. Sai da zai tashi ya ce, "Yaronga yanzu ne bakinai ya fara buɗewa ga karatu. In ya kai girbi a nan, 'yan ajinsu za su wuce shi, sai dai mu mai da shi baya, kuma na san halinai, ba zai yarda ya zauna da ƙanana ba. Ku dai duba, Baba. Kujeratai tana nan."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tafiyar da ya yi. Daga gari zuwa gonar nan ba kusa ba ne. Wata zuciyar ta ce mini ai kuɗinsu suke bi, in yaro ya bar zuwa su ke da asara. Ƙila haka ne. To amma ko don kuɗin ne, an dai ƙirga yara an ga babu ɗaya, an kuma tako an zo. Ɗana shekara nawa yana ɓacewa, babu wanda ya tako.

Ɗaukar ɗan ƙwadago ya fi ƙarfina, yaran maƙwabta kuma kowa na tsaron ta ubansa. Washegari na bar jikan ya sa rigarsa, ni na ɗauki gorar ruwa na tafi.

Ban san aikin yana da wuya haka ba, ko kuwa na manta. Tun fitowar rana kake tsaye har ta faɗi. Ka kora nan su sauka can. Gwiwoyina ba su bari in zagaya, muryata kuma kafin azahar ta dushe. Masu wucewa suna cewa, "Alhaji, an koma ƙuruciya ke nan?" In ɗaga musu hannu kawai. Salla ma a gurguje nake yin ta, ina sallamewa ina duban sama. Ranar Asabar da Lahadi jikan yakan zo ya karɓe ni, in kwanta a rumfa kamar gawa.

Gefen yamma, wanda ya fi nisa da rumfa, tsuntsu ya ci shi. Da muka yanke muka casa, yawancinsa ƙaiƙayi ne. Abin da muka samu bai kai mu damina ba, sai da muka koma awo a kasuwa. Matata ta yi gunaguninta, kuma tana da gaskiya.

Yaron dai bai koma baya ba, ya wuce tare da 'yan ajinsu. Ban san abin da karatun zai zama ba, na ga masu takardu da yawa zaune a gindin bishiya. Ƙanensa ma an sa shi bana, ke nan babu yaron da ya rage a gida. Shinkafa ta kusa fidda kai, ni kuma gwiwar hagu ta fara kumbura. Na dai sa an ɗaga mini rumfar, an matso da ita tsakiyar gona.