Goggo da Almakashinta

A gidan Goggo, ƙanwar babana, kwali ba ya kwana lafiya. Na sabulu ne, na ganyen shayi, na magani, har tsohuwar kalanda, duk wanda ya shigo sai ya gamu da baƙin almakashinta, wanda ko 'ya'yanta ba su isa su taɓa ba. Aji ɗaya ta koyar a firamaren unguwarsu tun tana budurwa har ta yi furfura, kuma a wurinta yaro bai san harafi ba sai an ɗaga masa shi a kati ya kira sunansa.

Ranar Asabar da hantsi take aikin. Sai ta baje a baranda, ta auna kowane kati da tafin hannunta, ta yanke, ta rage kaifin kusurwoyi don kada su tsone wa wani ido. Ta manna farar takarda a kan rubutun kamfani, ta danne da dutsen guga har gam ya bushe. Harafi a gaba da jan alƙalamin maka, hoto a baya, sannan ta naɗe da salatif, don hannun 'yan aji ɗaya ba ya rabuwa da maiƙo.

Rubutunta kamar na inji. Zane kuwa Allah bai ba ta ba. Wata rana ta ɗaga katin Z, ta juya bayansa inda ta zana zomo, ta ce, "Mene ne wannan?"

Aji ya ɗauka baki ɗaya: "Jaki!"

"Ku duba da kyau dai."

Wani mai wushirya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, jaki ne, amma ba shi da lafiya."

Goggo ta yi dariya har ta dafa allo. Ba ta yi gardama ba, ta goge Z ta rubuta J. Daga ranar ta raba aiki: ita rubutu, yara zane. Duk wanda ya zana abu, shi zai tsaya gaban aji ya ɗaga katinsa, kuma ba ka taɓa ganin yaro ya manta harafin da ya yi wa hoto da hannunsa ba.

Wanda ya fi shan wahalar sana'ar nan shi ne mijinta, da muke kira Baba Dogo. Ya taɓa sayen takalmi ya matse shi, mai kanti ya ce ya dawo da shi cikin kwalinsa a canja masa. Ya dawo daga aiki ya tarar da takalmin a kan kujera tsirara.

"Malama, ina kwalin takalmina?"

"Mai kaurin nan? Kai Maigida, ka iya zaɓen kwali! Ga shi can, lambobi ne yanzu."

Ya je ya tsaya a kan katunan da ke shan iska, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "To, ai bakwai ɗin nan ta karkace." Takalmin dai ƙaninsa ne ya mora. Bayan nan ya koma ɓoye kwalayensa a saman kwaba, ita kuma ta koma taka kujera. Da ya ga ba riba, sai shi da kansa ya riƙa shigowa da kwalaye a hammata, yana cewa wai a hanya ya tsinta.

Da ta yi ritaya ta damƙa wa sabuwar malamar katunan cike da akwati, da sharaɗin kada a jiƙa su. Ba a daɗe ba idonta ya fara yin hazo, ni na raka ta asibiti. Likitar, wata matashiya mai gilashi, tana ɗago kai ta miƙe tsaye.

"Malama! Ba ki gane ni ba? Ni ce ta kusa da taga, mai tauna gefen kati."

Goggo ta kama haɓa. "Ashe ke ce kika cinye mini M!"

Bayan an sha dariya an gaisa, likita ta zaunar da ita, ta rufe mata ido ɗaya, ta ɗauki sanda ta nuna harafin da ke saman allon gwaji. Goggo ta faɗa a hankali.

Likita ta gimtse fuska ta ce, "A ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Goggo ta gyara zama ta rangaɗa shi, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ta ci layi biyu sumul, a na uku ta kira E da sunan B, aka rubuta mata gilashi.

Muna fitowa ta riƙe hannuna, ta ce, "Ɗiyata, kin ga yadda yarinyar nan take nuna harafi? Ba ta tare shi da hannu. Da ta yi malanta, da an samu malama."