Na Karanta wa Inna Ƙarshen da Ba Ta Nema Ba

Gaisuwa ga ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Ku rufa mini asiri ku bar sunana, don waɗanda suka san ni za su gane ni tun ban yi nisa ba. A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce a nan Gaya ta Nijar, ina ɗinki a zauren gidanmu, kuma duk unguwa an san ni da abu biyu: karatun littattafan soyayya da gardama. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma na koyi karatun Hausa a ajin yaƙi da jahilci, na kuma riƙe shi da hannu biyu. Gardama kuwa ba wanda ya koya mini, da ita aka haife ni. In na ce abu ja ne, ko liman aka kira sai ya gaji ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Muna zaune tare da uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna. Mijinta direban kamyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Kwatano. Ya tafi wata tafiya tun maigidana yana goye, kuma bai dawo ba. Ba a ji mutuwarsa ba, ba a ga saki ba. Dangi sun yi ta fama da ita ta je a raba auren, ta ce ita ba wanda ya sake ta. Kullum da magariba akwai wani kwano mai murfi da ake zuba wa tuwo a ajiye a ɗakinta, ko da zai iso da yunwa. Da safe jikoki su ɗumama su cinye. Haka na tarar da gidan, kuma da idanun Inna suka yi rauni ni na gaji zuba kwanon. Kwanon matafiyi muke ce masa, ba wanda ke dariya, ba kuma wanda ke tambaya.

Abin da ya kashe kunyar surukuta tsakanina da ita wani tsohon littafi ne da aka kawo mini daga Kamba ina amarya. Wata rana ina karanta wa maƙwabta a tsakar gida, sai na ga Inna ta jawo tabarmarta kusa, wai rana ce ta kore ta. Labarin wani saurayi ne da ya tafi bakin teku neman abin aure, ya yi wa budurwarsa alkawarin dawowa da kakar shinkafa. Kaka ta zo ta wuce, ta sake zuwa. A shafin ƙarshe budurwar tana tsaye a bakin kogi, ta hango kwale-kwale yana tahowa da mutum ɗaya a tsaye a ciki, nan littafin ya ƙare. Shekara da shekaru ina karanta wa Inna wannan littafi bayan la'asar, har bangonsa ya fita na ɗinke shi da keke. Ta haddace shi, in na tsallake layi sai ta ce ƴar nan koma baya. Duk sanda muka iso kan kwale-kwalen nan sai ta daki cinyarta ta ce ai shi ne, wa zai tsaya a cikin jirgi in ba mai ɗokin gida ba. Daga nan ta tashi ta yi alwala fuskarta a sake.

Da soja suka karɓi mulki aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil, gari ya yi tsit. Manyan motoci suka daina wucewa, atamfa ta yi tsada, ɗinki ya ja baya. Inna ma har ta samu sabon uzuri, takan ce yanzu ko yana hanya ta ina zai bi. Zaman banza ya yi mana yawa, sai muka tattaru a wani zaure na mata masu karatu a cikin waya. A nan ne aka fara turo wani ci gaba na wancan tsohon littafin, babi-babi. Ba marubucin farko ne ya yi shi ba, wata yarinya ce ta zamani ta ɗauki labarin ta ɗora. A nata, mutumin da ke cikin kwale-kwalen baƙo ne mai sayar da gishiri. Saurayin kuwa ya samu wuri a bakin teku, ya yi iyali, ya yi tumbi, har sunan budurwar ya ɓace masa. Ita kuma ta share hawaye ta kama kasuwanci, ta ƙare da mota da gidan sama.

Kai, ranar da babin nan ya fito zaure ya kama da wuta! Wasu suka ce yarinyar ta ci amanar littafi, wa ya aike ta. Wasu suka ce ai sai yanzu aka faɗi gaskiya, jira ba sana'a ba ce. Ni ce shugabar masu yabo, na cika wayoyin mutane da saƙon murya har wasu suka ce ina cinye musu kuɗin waya. Babbar abokiyar gardamata maƙwabciyata ce mai suyar kifi, ita ma bakinta ba ya mutuwa. Ta ce marubucin farko ya san abin da ya sa ya tsaya inda ya tsaya, kuma duk Gaya ba wanda ya san littafin kamar Inna, in na isa in sa Inna ta yarda da ci gaban. Ta faɗa a gaban mata, aka yi shewa. Ni kuwa a ce in na isa? Nan take na rantse sai na kawo musu muryar Inna.

Da na gaya wa Inna an yi ci gaba, ba ta yi murna ba. Ta ce in bar bayin Allah inda suka tsaya, ita ta san ƙarshensu. Da ina da hankali da nan zancen ya mutu. Amma na san inda zan kama ta. Inna ba ta taɓa ɗaukar littafin nan ƙage ba. A ganinta marubucin ya san mutanen ne ido da ido, ya rubuta abin da ya shaida, shi ya sa takan sa su a addu'a. Sai na ce mata ai shi ne da kansa ya rubuta ci gaban, ya tsufa, ya ga bai kamata ya mutu bai faɗi yadda aka ƙare ba. Wallahi ƙaryar ta fito daga bakina sumul, ko ƙiftawa ban yi ba. Ta gyara zama ta ce to bismilla.

Na karanta mata daga waya, a kan tabarmar da muka saba. Ina karatu ina ƙara gishiri a murya, don ina so ya shige ta. Da na zo kan mai sayar da gishirin nan, na ga hannunta ya tashi zai daki cinya kamar kullum, sai ya tsaya a sama, ya sauko a hankali. Na gani da idona, amma ban tsaya ba. Na kai har inda saurayin ke tambayar wani ɗan garinsu wai wace yarinya ce ma. Da na gama na danna ɗaukar murya a ɓoye, na tambaye ta yaya ta gani. Ta sake tambayata ko da gaske shi ne ya rubuta, na ce shi ne. Ta ce to tunda shi ya faɗa, ai shi ya sani. Iyakar maganarta ke nan. Na tura wa zaure ina rawar jiki, mata suka yi ta turo mini tafi, mai kifi ta ce ta sallama.

Da magariba na kwashe tuwo, na miƙa hannu na ɗauko kwanon matafiyi. Daga ƙofar ɗakinta Inna ta ji ƙarar murfin, ta ce ƴar nan bar shi, hatsi ya yi tsada. Ba faɗa, ba kuka. Na tsaya da mara a hannu kamar wadda aka dasa. Maigidana ya dube ni, na sunkuyar da kai. Washegari ma ta hana, jibi ma haka. Bayan la'asar kuma ta daina fitowa da tabarma, in na ɗauko littafi sai ta ce kanta na ciwo. Matar da ke tambayar duk wanda ya ƙetaro kogi labarin hanya, ta koma ko sallamar baƙo ba ta ɗaga kai.

Na yi makonni ina juya abin a raina kafin na iya durƙusawa gabanta. Na ce Inna ki yafe mini, ƙarya na yi, wata yarinya ce ta ƙaga, ba ta ma san marubucin ba, kuma don in ci gardama na yi. Na zaci za ta yi fushi, ko ta yi murna ta ce a zuba kwano. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dafa kaina ta ce ta yafe duniya da lahira. Sannan ta ce ko wa ya rubuta bai yi ƙarya ba, ita ba yarinya ba ce, ta daɗe da sanin abin da ake ciki. Abin da dai ba a taɓa yi ba shi ne a faɗa da ƙarfi a ƙofar ɗakinta, kuma abin da kunne ya ji ba ya komawa. Na yi kuka har ita ce ta koma tana ba ni haƙuri.

Da damina ciwo ya kwantar da ita. Wata la'asar ta ce in ɗauko tsohon littafin in karanta mata shafin ƙarshe. Na ɗauko, zuciyata ta ce ga dama Allah ya kawo. Na karanta a hankali, budurwa a bakin kogi, kwale-kwale yana tahowa, mutum ɗaya a tsaye. Na rufe littafin na jira. Idonta biyu, tana jina sarai. Na jira har aka kira sallar magariba, Inna ba ta ce shi ne ba. Ba a yi sati ba ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Har yau ba na zagin masu rubuta ci gaba, ba na kuma zagin masu ƙin sa. Yarinyar ta rubuta abin da ta gani a zamaninta, mai so ya karanta. Laifin nawa ne, ni da na san abin da littafin yake a wurin Inna na kuma mai da ita shaidar gardama. Ƴan'uwana masu karatu, musamman ku da kuke karanta wa iyaye da kakanni, ku yi ra'ayinku a zaure iya son ranku, amma in tsoho ya ce a bar masa labari inda ya tsaya, ku bar masa. Ba ku san abin da ya jingina a jikinsa ba, kuma ba kowane mai jira ne bai san gaskiya ba. Ni na ci gardamata, mata sun tafa mini, yau ko ɗaya a cikinsu ba ta tuna zancen. Kwanon kuwa yana nan kife a kan kantata, kuma duk magariba in na kwashe tuwo sai hannuna ya nufe shi kafin in tuna.