Tiren Alhaji da gwajin jini

Mu biyar ne a ɗakin likita ranar, can Treichville: ni, da maigidana Alhaji a keken marasa lafiya, da ƙanensa mai jan tirela daga tashar jiragen ruwa, da babbar 'yarmu da ke juya mana Faransanci, sai likitar, wata siririyar mace mai tabarau. Wata biyu da yi wa Alhaji aiki a ƙafa, miki ya ƙi rufewa, har an fara zancen yankewa.

Likita ta duba takardar gwajin jini, ta dube ni. 'Yata ta ce, "Inna, wai Baba yana cin abinci kuwa?"

Raina ya ɓaci. Shekara arba'in ina girki a unguwarmu Bromakoté, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce, "Gaya mata tirensa wayam yake dawowa."

Ƙanensa ya yi dariya. "Wayam kam, Hajiya. Sai dai a tambayi cikin wa."

Likita ta yi bayani a hankali. Akwai abin da hanta ke yi, fire'albumin, ba ya daɗewa a jini, saboda haka yana nuna halin da jiki ke ciki a 'yan kwanakin nan. Na Alhaji ya yi ƙasa sosai. Ta ce kumburi ma yana saukar da shi, shi ya sa ba ta tsaya a kansa ba, ta haɗa da wani gwajin, ta auna nauyinsa. Duk sun nuna mutumin nan yunwa yake kwana da ita.

Ashe ga yadda ake yi. Alhaji mai masaukin baƙi ne, fataken Kano da Maraɗi gidanmu suke sauka, ga masu dubiya. A tire ɗaya suke ci da shi. Ya yi bismilla, ya kai loma biyu, ya tura wa baƙi nama, ya wanke hannu. Ni ba na shiga cikin maza, tire kawai nake gani.

Alhaji ya ce, "Haba Hajiya, baƙo na zaune in ɗauki tsoka?"

Na ce, "Baƙon zai ara maka ƙafa?"

Ban taɓa shiga aji ba, kuma na ɗauka ko allura ba ta faɗuwa a gidana ban ji ba. Matar nan ba ta kunyata ni ba. Ta ce ƙwai, kifi, wake, nono, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, mu dawo a sake gwaji. Har yau da ƙafarsa yake zuwa masallaci, har yau ina sa ta a addu'a.

Washegarin ganin likitar da sassafe na taka zuwa kasuwar Gouro na sayo wake da ƙwai. Na tsayar da ƙanensa a bakin ƙofa, na ce ko limami ne ya jira. Na shimfiɗa tabarma gaban Alhaji, ina ɓare ƙwai yana ci yana hararata. Sai da ya cinye na uku na ce a shigo da baƙi.