Lawali Ƙundu da Jar Akuyarsa

Ina tsugune ina sa takalmi da safen nan waya ta yi ƙara. Wai Dakta Lawali ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu na kasa fita daga gida.

Ku kun san shi da Dakta. Mu a Talata Mafara Lawali Ƙundu muke ce masa, kuma yana amsawa.

Mun saba ne bayan an gama dam ɗin Bakolori. Ni ina aikin sakin ruwan kanal a wajen Bakura, shi ya sa yake ce mini Ɗan Bakura, kuma ina da babur. Shi yana bincike a jami'a, ko keke ba shi da shi. In ya zo gida ni ne direbansa, mu bi kasuwanni har Maradun da kular ƙanƙara muna sayen ƙundu wurin masu fige kaji. Ƙundu kawai. Sai da magidanta suka fara tambayar wace annoba ce ta sa kajin bana ba su da ƙundu.

Na tambaye shi me zai yi da shi. Ya ce akwai wani sinadari, inzayim, da ke sa hanji da jijiyoyin jini da mahaifa su matse ba tare da mai su ya ba da umarni ba, kuma ƙundu cike yake da shi. Ido ba ya ganinsa. Amma in aka tace shi aka yi wa akuya allurarsa, jikinta zai haɗa sojojin da suka san shi, antibodi, su bazu cikin jininta. Da su ake gano shi a duk tsokar da yake. Na ce Allah ya ba da sa'a, ni dai da yaji na san ƙundu.

Ya sayi jar akuya ya ajiye gidansu, don ciyawar bakin kanal kyauta ce. Duk iliminsa ya manta gidansu gidan fawa ne kaka da kakanni. An ba kura ajiyar nama.

Amma mahaifinsa, Baba Ɗanjumma, ya riƙe amana. Wata da watanni Lawali na zuwa yana yi mata allura, tana ta ƙiba. Tsoho in ya zo wucewa sai ya shafa bayanta, ya yi ajiyar zuciya, ya wuce.

Digirin Lawali duka yana cikin jikin akuyar nan.

Da lokaci ya yi sai ya aiko direban mota ya shaida wa gida ran Juma'a zai zo ɗibar jini. Nufinsa ya ja kaɗan da sirinji, ya bar ta ta rayu shekaru yana ƙarawa.

Muna shiga gida muka ga jar fata shanye a katanga.

Baba ya taso da fara'a. "Maraba da ɗan boko. Kac ce jini nata kaka so, na hutasshe ka. Ga shi can cikin kwano, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba."

"Baba, da allura zan ɗiba! Ɗan kaɗan!"

"Allura? Yaushe allura za ta ƙare wanga aiki?"

Lawali ya zube ƙasa, ƙato da gemu, yana kuka. Da ƙyar ya rarrafa gindin randa inda aka rufe kwanon, ya ɗaga murfi. Jinin ya daskare, wani ruwa ɗorawa-ɗorawa ya taso sama. Sai kukan ya tsaya cak. Ashe ruwan nan shi ake nema tun farko.

"Ɗan Bakura, ta da babur!"

Haka muka nufi firjin asibitin ma'aikata, yana bayana rungume da kwano. Kowane rami na faɗa sai ya zagi tuƙina. Muna hanya ya tuna bai hana cin naman akuyar da ta sha allurai ba. Ban gaya masa akwai hanta a bakina ba. Duk unguwa ta ci, ba wanda ko kai ya sara wa.

Antibodin ya yi aiki. Ya rarraba shi cikin 'yan kwalabe a firiza, ya gama digiri da shi, ɗalibansa ma suka yi ta amfani da shi.

Lokacin da hawan jini ya kwantar da maiɗakina, shi ya ɗauke ta a motarsa zuwa asibiti, ya zauna yana zana mata jijiya a tafin hannu har ta yarda ta rage gishiri.

Ganinmu na ƙarshe bayan Sallah ne, a zaurensa. Na tsokane shi da zancen akuya kamar kullum. Ya yi dariya.

Ya ce sai bayan rasuwar tsoho wani dattijon mahauci ya gaya masa sauran labarin. A fawa ƙasa ake bar wa jini. Wanda ya tara kwano a wuyan dabba, sai a ce yana da wata hulɗa da iskoki. Baba ya tara a gaban abokan sana'a. Mutane suka daɗe suna kauce wa teburinsa, bai taɓa faɗa a gida ba.

Lawali ya share ido ya ce, "Har yab bar duniya bai san antibodi ba, Ɗan Bakura. Ni kaɗai yas sani."

Na rasa abokin dariya, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Allah ya jiƙan Lawali, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In kun ɗaga hannu kuma, ku haɗa da Baba Ɗanjumma.