Gwiwar Anti Kyanwa

Shekara talatin da ɗaya tana aiki a ɗakin ɗaukar sauti, kuma babu faifai ko ɗaya da sunanta ya fito a bayansa. Aikinta juya takarda. Mai kaɗa fiyano hannayensa biyu duk suna kan aiki, don haka sai an samu wanda zai zauna a hagunsa yana bin rubutun kiɗan da ido, in an zo ƙarshen shafi ya miƙe ya juya, ya koma ya zauna ba tare da makirfo ya ji motsinsa ba. Makaɗa suka sa mata Anti Kyanwa, don ko takunta ba a ji.

Ba ta wasa da aikin nan. Awarwaro a jaka take barin su, takalmi a bakin ƙofa. Ba ta shiga da yunwa, tun ranar da cikin wani mai goge ya yi ƙugi aka maimaita kiɗan minti tara. Kusurwar kowane shafi sai ta murza ta yi laushi. Mijinta, tsohon direban bas, ya sha tsokanarta, wai ita kaɗai ce a duniya ake yaba wa in an manta tana wurin.

Bana sai gwiwarta ta dama ta fara ƙara. Da ta miƙe sai ta ce ƙas. A gida abin dariya ne, amma a wurin aiki ta san abin da zai jawo. Matasan makaɗa duk sun koma karanta kiɗa a kwamfutar hannu, su taka da ƙafa shafi ya juya kansa. Mutum ɗaya ya rage mata, wani tsoho mai fiyano da ya rantse shi da takarda sai mutuwa. In gwiwar ta shiga faifansa, shi ma dole ya sallame ta.

Aka zo ɗaukar sabon faifan tsohon, shi da masu goge uku. A kashi na biyu, inda kiɗan ke tafiya a hankali kamar ana lallashin jariri, injiniya ya tsayar da su daga bayan gilashi. Ya ce yana jin wani ƙas, kuma kullum a ƙarshen shafi. Aka canja wa tsoho kujera, aka leƙa ƙarƙashin fiyano. Ita kuwa tana zaune, kunya kamar ta nutse.

Tsoho bai ko dube ta ba. Ya gyara tabarau ya ce, "Ƙanwata, kujerar nan taki ce take damuna. Ko za ki iya yi a tsaye?"

Nan ta gane ya sani, rufa mata asiri ya yi. Aka fitar da kujerar. Kwana biyu ta yi aikin a tsaye, a ɗan sunkuye, ƙafa a kafe, hannu kaɗai ke motsi. In ta koma gida mijin ya gasa mata baya da ruwan zafi yana mita.

Wata huɗu hankalinta bai kwanta ba, don ba ta san ko ƙarar gwiwar ta shiga faifan ba, kuma ta kasa tambayar injiniya. Ranar da faifan ya iso, da hantsi, ta rufe tagogi, ta kashe fanka, ta zaunar da mijin. Tana bin shafukan da ka, kowane ƙarshen shafi sai ta riƙe numfashi. Kashi na biyu ya zo ya wuce sumul.

Da kiɗan ya ƙare mijin ya sosa ƙeya. "Ya yi daɗi kam, Maman yara. Amma ki yi haƙuri, na kasa kunne iya ƙoƙarina, ko sau ɗaya ban ji ki ba."

Ta yi dariya har da hawaye, nauyin wata huɗu ya sauka daga ƙirjinta. Ta miƙe za ta kunna fanka, gwiwar ta ce ƙas.

Ta shafa ta, ta ce, "Yi abinki, nan gida ne."