Damina ta Biyu

Shekarar da masu fim suka zo ƙauyenmu, a ƙasar Alela, Malam maigidana yana da ƙarfinsa. Ba abin da ke damunsa sai ɗan tarin nan nasa, gajere, wanda yakan bi da gyaran murya kamar mai shirin yin magana. Tun ina amarya nake jin tarin nan, ko daga bayan danga na san shi.

Suka ce wasan tarihi za su yi na tele, na zamanin da Nasara bai shigo ba, suna neman tsofaffi masu gemu da tsagar gado a fuska. A unguwarmu suka ɗauki mutum biyu, Malam da mijin maƙwabciyata, wadda muke kira Uwar Biyu. Mijinta jaki aka ba shi ya ja, ya wuce ta gaban rumbu, shi ke nan. Malam kuwa aka zaunar da shi bakin rijiya yana tufka igiya, aka kuma ba shi magana: "Rijiyar ga ta kakanninmu ce, ba mu tashi." Ya yi ta maimaita ta a gida, yana alwala yana faɗi, yana ba tumaki dusa yana faɗi. Na ce masa tumakin ma sun haddace, in ya manta sai ya tambaye su.

Da za su tafi, tafintansu ya gaya masa cewa nasa wurin ba zai fito yanzu ba, sai sezon ta biyu. Malam ya tambayi mene ne sezon. Tafinta ya ce da Faransanci haka ake ce wa damina da rani. Malam ya shigo gida ya ce da ni sai damina ta biyu za mu gan shi.

Bayan girbi aka fara nuna wasan. Muka taru gaban telen mai shago, mijin Uwar Biyu ya wuce da jakinsa, ta rangaɗa guɗa. Na taya ta murna da zuciya ɗaya, don na san namu mai magana yana tafe.

Daga nan Malam bai ga ko damina ta farko ba. Cikin bazara ya kwanta, Allah ya karɓi abinsa. Har yau in na tuna sai hawaye, ba na kuma ɓoye su. Ba a daɗe ba mijin Uwar Biyu ma ya rasu. Mutane suka ce yanzu mun zama ɗaya, ni da ita. Ba mu zama ɗaya ba. 'Yarta ta saka mata wurin jakin nan a waya, duk lokacin da ta so sai mijinta ya taso ya yi tafiya a tafin hannunta. Ni hoton katin ɗan ƙasa kawai gare ni, wanda Malam ya ɗaure fuska a ciki kamar an kai shi gaban jandarma.

Ina jin ta ta kan danga tana kiran baƙi su zo su ga marigayi. Mutumin da ko baki bai buɗe ba a wasan, jakin ma ya fi shi daɗewa a ciki. Na sha faɗa wa kaina haka ina daka, Allah ya yafe mini. Ta kira ni ba sau ɗaya ba, nakan ce ƙafa ke mini ciwo.

Na jira. Da ruwan farko na damina ta biyu ya sauka, ban bi mata zuwa shuka ba, na tafi wurin mai shago na tambaye shi ko yau ne. Bai gane ba. Aka yi noma, aka yi girbi, tele bai nuna rijiyarmu ba.

Ɗan ƙanena ne ya warware mini, wanda ke jan motar siminti daga Malbaza zuwa Yamai. Ya ce abin ba ruwansa da damina, sezon kashi ne na wasa, kuma ba a fitar da na biyu sai manyan gidan tele sun yarda. Ya ce a tashar Konni ma gardamar da ake ke nan, wasu na cewa yana tafe, wasu na cewa jarumin wasan ya bar su, an bar maganar. Na ce to Malam fa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, yana cikin na'urarsu. In an yi, za ki gan shi."

Ranar nan na yi kuka a tsakar gida har Uwar Biyu ta jiyo. Ta shigo da wayar a ƙulle cikin zanenta, ta zauna kan tabarmata. "Yaya, ko jakin ki kalla," in ji ta, "ai shi ma ɗan unguwa ne."

Na kalla don kada ta ce na yi mata wulaƙanci. Ga rumbu, ga mijinta yana jan jaki. Suna gab da fita sai wani da ba a gani ya yi ɗan tari, ya gyara murya.

Na riƙe hannunta na ce ta maido baya. Aka sake. Ashe ranar maigidana yana tsaye a gefe yana kallon abokinsa.

"Malam ne," na ce.

"Haba Yaya, nawa ne. Mura yake yi a lokacin."

"Naki bakinsa a rufe yake, duba."

Ta duba, ta ce gemu ne ya rufe. Har yau ba ta yarda ba.

Yanzu kowace Juma'a bayan la'asar ina shiga gidanta. Ita ta zuba wa wayar ido, ni na rufe nawa ina saurare. Ta samu mutum sukutum da tafiyarsa, ni tari kawai, shi ma a wayarta, sai ta ga dama ta danna. Duk zuwan ɗan ƙanena ina tambayarsa abin da ake cewa a Yamai. In suka fitar da kashin nan ina raye, gidana za a taru, Uwar Biyu kuma a gaba zan zaunar da ita, ta ji nawa yana magana.